Lauya a Rumfar Kunun Asibiti

Ni Bakanuwa ce ta wajen iyaye, amma a Potiskum aka yanke mini cibi. Fataucin goro ya kawo mahaifina. Ya ga hanyar Kano da ta Jos sun haɗu a nan sun miƙe zuwa Maiduguri, ya ce mai saye da sayarwa ba ya wuce irin wannan wuri, ya zauna har ya mutu. A nan na yi aure, a nan na haihu, a nan kuma mijina ya riga ni, ya bar mini yara da keken ɗinkin da ban iya takawa ba. Abin da na iya shi ne tuƙa tuwo. Da na fita takaba sai na kafa rumfa a gefen tashar mota, jikin fulotin wani kamfani mai sayen gyaɗa. Zamanin Turawa ne, amma ya zo ƙarshe-ƙarshe, har direbobi sun fara gardamar mulkin kai a kan bencina.

Jinyar mijina ce ta buɗe mini ido a kan asibiti. Na daɗe a can tare da shi, na ga abin da mai wucewa ba ya gani. Mutanen ƙauye za su kawo mara lafiya a kan jaki daga wajajen Fika da ƙauyukan da suka fi ta nisa, da ɗan garin dawa ƙunshe a tsumma, suna zaton kwana kaɗan za su yi. Ciwo ya ja, guzuri ya ƙare. Ba su san kowa a gari ba, wasu ko Hausa ba sa ji. Sai ki ga mace a gindin bishiya ta jera duwatsun murhu, ba abin ɗorawa a kai, ba ta kuma roƙi kowa ba. Wannan zaman nasu ya tsaya mini a rai. Shi ya sa da rumfata ta kankama, na ɗauki al'adar dama kunun tsamiya da sassafe kafin in ɗora tukunyar sayarwa, in kai musu can.

Wadda ta fara shigowa aikin wata dattijuwa ce 'yar Ngizim daga Ngojin, mai kawo mini itace a ka. Kowa Iya yake ce mata. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji. Ranar da ta gane inda kunun ke zuwa, ta sauke damin itace ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Kai kana dafa kunu kyauta, ni kuma ina sayar maka da itacen dafa shi?" in ji ta. "Wannan bai yi ba."

Tun daga ranar dami ɗaya na kunu ne, ba ta karɓar komai a kansa. Daga baya ma ta ce ban iya dama shi ba, ina barin gudaji, ta karɓe ludayin daga hannuna. Wasu mata biyu daga unguwar Bolewa suka ɗauki surfe da daka. Wata Bafulatana mai tallan nono takan zuba mana abin da ya rage a ƙwaryarta. Ba mu da suna, ba mu da shugaba. Mutane dai suka riƙa cewa rumfar kunun asibiti, sunan ya bi mu.

Lauyan kuwa yunwa ce ta kawo shi. Wata rana da azahar wata ƙaramar mota baƙa ta tsaya, wani mutum gajere mai ƙiba ya fito, da kwat a rataye a kafaɗa, gumi ya jiƙe masa taguwa. Na ɗauka zai tambayi hanyar barikin Turawa ne. Sai na ji ya ce, "Uwargida, sannu da aiki. Akwai tuwo, ko na makara?" Hausar Kano tsantsa, har da irin jan bakin da mahaifina ke yi. Na zuba masa tuwon dawa da miyar kuka, ya wanke hannu, ya ci kamar ɗan gida. Muna hira na ji asalinsa. Bayarabe ne, a Sabon Garin Kano ya tashi, ya je Ingila ya karanto shari'a, yanzu yana da ofis a Jos tare da wani abokin aikinsa. Shari'a ce ke kai shi Maiduguri, Potiskum kuwa dole ce a kan hanya.

A lokacin mu ba mu san lauya ba sai a labari. Rigimarmu wurin alƙali take ƙarewa, kuma lauya ba ya shiga kotun alƙali. Abin da muke ji shi ne, lauya mutum ne da masu hali ke ɗauka ya juya musu magana a gaban Bature. Don haka na ɗan kame bakina. Shi kuwa idonsa na kan darukan da matan Bolewa ke wankewa a bayan rumfa, ya tambaya na mene ne. Na gaya masa a taƙaice. Ya ce wa ke ɗaukar nauyin abin. Na ce duk wadda ta samu ta kawo. Sai ya nemi ƙarin miya.

Dawowarsa ta gaba sai ga motar ta nutse ta baya. Buhunan gero ne a ciki, da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ɗaure a saman motar da igiya. Ya ce ba nasa ba ne shi kaɗai, daga ofishinsu ne, shi da abokin aikinsa. Daga nan abin ya zama al'ada, duk kaka sai saƙon gero ya zo daga Jos. Iya ta zagaya tukunyar, ta ƙwanƙwasa ta da ludayi, ta ce masa, "Kai lauya, kana da hankali." Ya yi dariya har da tari.

Amma abin da ya fi geron a wurin mutane shi ne zamansa. In ya gama cin tuwo sai ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa a kan tabarma, duk mai magana ya zo. Da farko lebura ɗaya ne ya yi ƙarfin hali, wanda buhu ya faɗo masa a kafaɗa a wurin lodi aka kore shi. Lauya ya saurare shi, ya rubuta wa masu aikin takarda, aka mayar da shi gadi. Labari ya bazu. Har ya kai da an hango baƙar mota, benci ya cika. Mafi yawansu ba ya kai su ko'ina. Yakan ce wa wani, "Wannan ta alƙali ce, je ka ka faɗi gaskiyarka, kada ka ƙara kada ka rage." Ya ce wa wani kuma, "Taka ba ta kotu ba ce, malam. Ɗan'uwanka ne, ku nemi babba ya zaunar da ku." Wanda maganarsa ta shafi kamfani ko dokar Turawa, ita ce yake ɗauka ya tafi da ita. Ban taɓa ganin ya karɓi ko kaza ba. Wani Bafulatani ya taɓa jawo masa tunkiya, ya ce a kai wa matan kunu.

Na taɓa tambayarsa ko abokin aikinsa ba ya jin haushin wannan ɓata lokaci. Ya ce tun ranar da suka buɗe ofis suka yi shawara. Manyan 'yan kasuwa da masu haƙar kuza su ne ke ciyar da su, amma kowane wata za su bar wuri ga wanda ba shi da abin ɗaukar lauya. Ya ce abokin nasa ma yana da nasa mutanen a can Jos, wata ƙungiyar makafi masu tufkar igiya. Ya faɗe shi ne kamar yana faɗin kuɗin mota, ya ci gaba da suɗe hannu.

Sai kuma ranar da mota ta shigo mana rumfa.

Kakar gyaɗa ce, motocin kamfanin nan na maƙwabtanmu ba sa hutawa. Cikin direbobinsu akwai wani magidanci ɗan Karai-Karai, mai sanyin hali. In ya dawo ba kaya yakan tsaya a daji ya tsinto mana busasshen itace, ya jefar a bayan rumfa ya wuce, ko godiya ba ya jira. Da safen nan Iya na tsaye kan kunu, ni ina yanka albasa, benci cike da fasinjoji masu jiran motar Kano. Ƙofar fulotin tana da ɗan gangare. Na ji hon ba ƙaƙƙautawa, na ji murya tana ihu, "Ku kauce! Ba birki! Ku kauce!" Da na ɗaga kai, ga mota shaƙe da buhuna tana gangarowa kanmu. Na ga direban ya kwanta a kan sitiyari yana murɗawa da dukan ƙarfinsa. Motar ta kauce wa benci, ta bi ta kusurwar da muke tara itace, ta kwashe ginshiƙin rumfa, ta je ta daki kututturen tsamiya ta tsaya. Rufin zana ya rufto mana. Tukunyar ƙarfe ta kife ta tsage, kunu mai tafasa ya kwarara a ƙafar Iya tun daga gwiwa.

Ba wanda ya mutu. Direban da kansa ya diro, goshinsa na jini, ya ɗauki Iya a baya ya ruga asibiti da ita yana kuka. A can 'yan sanda suka same shi suka tafi da shi. Kafin la'asar manajan kamfani ya ce gangancin direba ne, ya kore shi, ya kuma aiko a gaya mini cewa dama rumfata a cikin filinsu take, kada in sake kafa ko sanda.

Na ba wani direban motar Jos saƙon baki. Ba a jima ba sai ga baƙar mota, alhali ba shi da shari'a a Maiduguri a lokacin. Ya tsaya ya dubi tarkacen rumfar, ya dubi gangaren, ya ce mu je mu ga Iya.

Mun same ta a kan gado, ƙafa naɗe da bandeji, tana faɗa da matan Bolewa. Su ne suka ci gaba da dama kunun a gidana, kuma yanzu ita ma tana cikin masu sha. Ta ce tsamiya ba ta ji ba, kuma ga gudaji. Lauya ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata jaje, sannan ya ce, "Iya, doka ta ba ki haƙƙi. Zan iya neman miki diyyar ƙafar nan."

Ta ce, "Ƙafa zai warke. Ina direba?"

"Yana tsare. Za a kai shi gaban majistare. In aka same shi da ganganci, gidan yari ne, a kuma ƙwace lasin ɗinsa."

"To, ka fito da shi."

Lauya ya dube ni, ya sake dubanta. "Iya, shi ne fa ya tuƙo motar da ta ƙona ki."

"Mota ne ya ƙona ni. Shi ihu ya yi. Matarsa ya zo nan jiya da yara, suna kuka, ni ne nake ba su haƙuri. Kai lauya ne ko ba lauya ba?"

Ya zauna a bakin gadon, ya cire tabarau yana gogewa. Ya ce tun da ya fara aikin nan bai taɓa ganin wanda aka ji wa ciwo ya ɗaukar wa wanda ake tuhuma lauya ba. Ya yi mata bayani cewa ba zai iya riƙe maganar direba da tata a lokaci ɗaya ba, dole ɗaya ta jira, kuma ba shi da tabbacin abin da za a samu daga baya. Ta ce tata ta jira. Ni dai a lokacin zuciyata na kan rumfata da tukunyata, na so a fara da mu. Amma ƙafar ba tawa ba ce, kuma ni ma da idona na ga yadda mutumin nan ya murɗa sitiyari. Na bi ra'ayinta.

Lauya ya kwana biyu a gari. Ya karɓi belin direban, wani ɗan kasuwa abokin mahaifina ya tsaya masa. Direban ya gaya masa cewa ya sha kai kukan birkin, ana ce masa ya lallaɓa sai an gama kwasar gyaɗa. Makaniken da ke gyara motocin kamfanin ya san haka, amma yana tsoron kada ya rasa aiki in ya buɗe baki. Lauya bai matsa masa ba. Ya sa kotu ta aika masa sammaci, don kada a ce shi ya kai kansa. Mu kuwa, ni da Iya, 'yan sanda ne suka rubuta mu a matsayin shaidunsu. Na tambayi lauya me za mu ce. Ya ɗaga hannu ya ce, "Uwargida, wannan ba zan gaya miki ba, kuma bai halatta in gaya miki ba. Abin da kika gani, shi ke nan."

Majistaren Bature ne mai zuwa rangadi, a wani zaure kusa da ofishin Di'o, Baturen mulki, yake zama. Ranar shari'a duk matan kunu muka ci ado kamar za mu suna. Matan Bolewa sun zo ne musamman don su ga lauyanmu da farar hular gashin nan da suka gani a hoto. Sai ga shi da baƙar kwat kawai, kansa a buɗe, sanƙo na ƙyalli. Ɗaya ta ja ni gefe ta ce ko ya manto ta a Jos ne. Shi ya ji, ya ce hular ta babbar kotu ce, nan ba a sa ta. Ba su ji daɗi ba ko kaɗan.

Ni aka fara kira. Ni da nake yi wa direbobi tsawa a tasha, sai da aka ce in ɗaga murya. Na faɗi abin da na gani, tafinta na juyawa. Sai aka kira Iya. Ta shigo tana dogara sanda, aka ba ta kujera. Ta ce ita da harshen uwarta za ta yi magana, don kada Hausa ta karkatar mata da zance. Aka nemo mai jin Ngizim, yana juya wa tafinta da Hausa, tafinta na juya wa Bature. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya sa ta nuna ƙunar, ta nuna. Ya tambaye ta wa ke tuƙa motar, ta nuna direban.

Lauya ya miƙe a hankali. Na zaci zai yi ta zuba Turanci yana buga tebur, kamar yadda ake ba da labari. Tambayoyi kaɗan ya yi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Me ta ji kafin motar ta iso? Ta ce hon da ihu. Mutane a ina suke zaune? Ta ce a benci, har da mai goyo. Da motar ta miƙe yadda ta taho, ina za ta bi? Ta ce ta kansu. Ina ta bi? Ta ce ta kan itace. Wa ya kai ta asibiti? Nan Iya ba ta jira masu juya magana ba. Ta juya ta fuskanci Baturen ta ce da Hausa, "Shi ne. A bayansa. Kai ka sake shi ya tafi gida." Zauren ya ɗauki dariya, ɗan doka na tsawa a yi shiru. Baturen ya sunkuyar da kai yana rubutu, amma na ga kunnuwansa sun yi ja.

Makanike ya zo ya faɗi abin da ya sani game da birkin, yana magana yana kallon ƙasa. Bayan azahar majistare ya ce bai ga ganganci a wurin direba ba, ya sallame shi, ya kuma yi magana mai nauyi a kan masu sakin mota a hanya ba birki. A waje direban ya zube gaban Iya ya kama ƙafarta mai lafiya. Ta ɗan taɓa shi da sandarta ta ce, "Tashi, je ka yi wanka, kana wari."

Maganar fili ce ba ta zo yadda na so ba. Lauya ya je ya duba takardun fulotin, ya dawo ya same ni a gida. Ya ce, "Uwargida, ba zan yi miki ƙarya ba. Wurin nasu ne. In muka kai ƙara za mu sha ƙasa." Raina ya ɓaci. A wurin nan na tsaya da ƙafata bayan mutuwar mijina, kowace saiwar tsamiyar nan na san ta. Na ce masa ashe lauyan ma akwai abin da ya fi ƙarfinsa. Ya ce da yawa ma. Amma washegari ya sa na yafa mayafi, muka tafi ofishin En'e, hukumar gargajiya, tare. A can bai yi maganar doka ba sam. Ya cire takalmi, ya yi gaisuwa yadda ake yi, ya ba da labarin kunun tun daga farko, ya roƙi a ba mu wuri da izini a rubuce, wanda ba mai tashinmu. Ashe cikin manyan da ke zaune akwai wanda 'yan'uwansa na ƙauye suka taɓa shan kunun. Aka ba mu wani fili a kan hanyar asibiti, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro.

Kamfanin ma, bayan abin da majistare ya faɗa, bai so maganar ta sake komawa kotu ba. Lauya ya zauna da su, suka ba da kwano da katako, suka kuma sallami Iya da abin da ya sawwaƙa. Ta sayi jaki. Ta ce ta gama ɗaukar itace a ka har abada. Ƙafar ta warke, sai dai tabo, da ɗan ɗingishi in an yi sanyi.

Sabuwar rumfar ta yi nisa da tasha, na rasa wasu fasinjoji. Amma direbobin da suka saba da miyata suka biyo ni, ma'aikatan asibiti suka zama masu cinikina, kuma kunu na isa wurin masu shi da zafinsa. Ruwan sama ya daina kashe mana wuta. Da damina nakan zauna ina jin ƙarar ruwa a kan kwano, Iya na gyangyaɗi a jikin buhun gero, matan Bolewa na tsince tsamiya suna hira da harshensu. A rumfar nan na koyi karatun boko, wurin wata malamar yaƙi da jahilci da ke zuwa mana bayan la'asar, shi ya sa yau nake iya rubuta wannan da hannuna. Lauya ya ci gaba da tsayawa, benci ya ci gaba da cika. Direban kuwa kamfanin bai mayar da shi ba. Ni na yi masa magana wurin ɗan kasuwan da ya tsaya masa beli, ya ba shi motarsa mai zuwa Jos.

A motar nan na je Jos, sau ɗaya tak a rayuwata, lokacin da 'yata da ke aure a can ta haihu. Direban ya sa ni a gaba, ya hana kowa shan taba. Bayan suna na ce sai na ga ofishin lauya. Na ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, surukina ya raka ni har ƙofa. A raina na zana wani ƙaton gida mai bene da masu gadi. Sai na tarar da ɗakuna biyu a saman shagon mai sayar da kayan keke, matakala tana ƙara in an taka. A baranda akwai dogon benci, mutane zaune suna jira. Ban ce wa akawu komai ba, na samu wuri na zauna a layi.

Kusa da ni wani leburan kuza ne, hannunsa naɗe da tsumma, sai juya hula yake yi. Ya dube ni ya ce, "Inna, an ce mutanen nan ba sa karɓar komai a wurin talaka. Gaskiya ne, ko sai an shiga za a ji?" Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya faɗi gaskiyarsa kawai, in maganarsa ba ta da ƙarfi ma za su gaya masa a fuska. Ya ce na san su ke nan. Na ce ɗaya daga ciki tuwona yake ci.

Muna haka lauya ya leƙo zai kira na gaba. Ya gan ni, ya riƙe baki. "Uwargida! A layi? Wa ya zaunar da ke a nan?" Na ce ni na zaunar da kaina, ya gama da mutanensa tukuna. Ya ƙi. Ya ja ni ciki ya nuna ni ga abokin aikinsa, wani dogon mutum siriri mai furfura, wanda ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Mutumin ya miƙe tsaye, ya rusuna mini, ya yi wata doguwar magana. Lauya ya ce wai yana cewa ya daɗe yana son ganin matar da ke sa abokinsa ƙara ƙiba duk zuwa Maiduguri.

Da yamma ya kai ni gidansa. Matarsa ta yi mini sakwara da wata jar miya mai barkonon da ya sa na yi ta hawaye ina cewa ta yi daɗi. Da zan tafi ta cika mini kwando da dankalin Turawa, irin wanda ake nomawa a duwatsun can.

Na iso Potiskum da kwandon nan ba wadda ta san yadda ake dafa shi a cikinmu. Iya ta gutsiri ɗanye ta tofar, ta ce Turawa na shan wahala. Matan Bolewa suka ce a gasa a toka kamar rogo. Ni na ce a fere a yanka a zuba a fate. Haka muka yi, muka ɗauka muka kai asibiti da yamma. Wani tsoho daga wajen Fika, mai jinyar ɗansa, ya tsamo yanki ɗaya ya duba, ya sa a baki ya tauna a hankali. Ya tambaye ni wace irin doya ce wannan mara ƙashi. Na ce daga Jos ta zo. Ya gyaɗa kai, ya miƙo ƙwaryarsa a ƙara masa.